Zuwa Ga Ƙanena Mai Ɗaga Ƙarfe

Da wuya yanzu ka ratsa unguwa a Kano ko Zariya ko Kaduna ko Maraɗi ba ka ci karo da wani kango da samari suka mayar wurin ɗaga ƙarfe ba. Kayan aikin ba su da yawa: bututun ƙarfe da aka cusa a gwangwani biyu aka zuba siminti ya daskare, tsofaffin ƙarafan mota da aka sayo a hannun 'yan gwangwan aka kai wa mai walda ya haɗa, bencin katako da aka ɗaure ƙafarsa da waya, da fasasshen madubi jingine da bango. Da an idar da la'asar wurin ya cika. Wani yana kwance yana tura ƙarfe daga ƙirji, biyu suna tsaye a kansa suna "Saura ɗaya! Tura mana!", sauran suna jiran layi suna matsa damtse suna satar kallon madubi. Masu hali kuma suna biyan kuɗin wata a jim mai fanka da kiɗa da na'urori.

Dattawa da yawa ba sa son ganin wannan. Wasu su ce aikin banza ne, mai jin ƙarfi ya tafi gona; wasu su ce makarantar daba ce. Ni ban bi bayansu ba. A cikin abubuwan da saurayi ke cika yammacinsa da su a wannan zamani, daga zaman majalisa zuwa latsa waya har wuya ya ƙage, kaɗan ne suka kai ɗaga ƙarfe amfani. Saboda haka, ƙanena, ban zo in hana ka ba. Abin da nake so ka sake shi ne wanda kake ɗaga ƙarfen dominsa. Yawancinku domin madubi kuke ɗagawa, da 'yar riga mai matse hannu, da hoton da za a ɗora a TikTok. Ni kuwa so nake ka riƙa ɗagawa domin tsohon da za ka zama in Allah ya ja kwana, mai shekara 70 da ke son ya miƙe daga sujada bai dafa kowa ba. In ka sa wannan tsoho a gaba, yadda kake ɗagawa da abin da kake ci da abin da za ka ƙi sha duk za su canza.

Kakanninmu ba su san jim ba, domin rayuwar ce ke ba su ƙarfi ko suna so ko ba sa so. Namiji ya wuni yana huɗa da garma, ya yi faskare, ya ja guga daga rijiya mai zurfi. Mace ta yi surfe ta yi daka, ta niƙa a dutse, ta ɗauko tulu daga rafi. Damben nan da ya fito da su Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, da mahauta aka fi saninsa, mutanen da kayar da sa yake cikin aikinsu na kullum. Kokawar da ake yi wa gasar takobi a Nijar tun 1975 kuwa wasan manoma ce bayan an kai amfani gida. Yau inji ke niƙa, famfo ko ɗan ga-ruwa ke kawo ruwa, babur da adaidaita sahu sun karɓe tafiyar da ƙafa ke yi. Ba kukan wannan sauƙi nake ba, don wahalar da ta wuce ta karya mutane da yawa tun ba su tsufa ba. Sai dai aikin ne ya ragu, cin bai ragu ba: farar shinkafa, burodi, taliyar leda, lemon kwalba, shayin da aka danƙara wa sukari. Ga shi nan ciwon suga da hawan jini, waɗanda a da ake ce wa ciwon masu kuɗi, sun shiga gidan kowa.

Ga inda tsoka ta shigo cikin maganar. In ka ci tuwo ko shinkafa, abincin yana narkewa ya shiga jini a matsayin sukari, kuma mafi yawan wannan sukari tsoka ce ke kwashe shi, ta ƙone wani ta ajiye wani. Tsokar da ake ba wa aiki hannu bibbiyu take karɓarsa. Wadda aka bari zaune kuwa sai ta riƙa ƙin jin insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikinta, sukarin ya yi ta yawo a jini yana ɓata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ba ta tsaya ga cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki irin tafiya da sauri a kowane mako ba, sai da ta ƙara da cewa ya ware kwana 2 ko fiye don aikin ƙarfafa manyan tsokokin jiki. Ƙwallon da kake bugawa da yamma ta biya maka na farko, na biyun kuwa ƙarfe ke biyansa.

Amma babbar hujjata tana gefen sahu a masallacinku. Ka dubi kujerun robar da ake jerawa a can. Wasu masu zama a kansu ciwon gwiwa ko na baya ne ya kai su, Allah ya ba su lafiya. Wasu kuwa ba inda ke musu ciwo, cinya ce kawai ta daina iya ɗaga gangar jiki daga ƙasa. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke cin abinci, a ƙasa muke zaman gaisuwa da ɗaurin aure, masai a yawancin gidajenmu na tsuguno ne, raka'a 17 na farilla kaɗai kuma miƙewa ce daga ƙasa sau 17 kowace rana. Bature yana iya tsufa yana tashi daga wannan kujera zuwa waccan, a daɗe ba a gane ƙafarsa ta yi sanyi ba. Bahaushen da cinyarsa ta gaza, ranar nan zai fara neman mai kama shi, har a wurin da mutum ba ya son kowa ya raka shi.

Wannan gazawa ba dare ɗaya take zuwa ba. Daga wajen shekara 30, wanda ba ya sa jikinsa aiki yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara 10, in ya haura 60 kuma zubar ta ƙara gudu. Ƙashi ma haka. Yana ƙara ƙwari in ana ɗora masa nauyi, ya yi rauni in an bar shi. 'Yan sama jannatin da ke zama a tashar sararin samaniya, inda jiki ba ya jin nauyinsa, sukan rasa kashi 1 ko fiye cikin 100 na ƙwarin ƙashin ƙugunsu a kowane wata, dole aka kafa musu na'urar da za su riƙa turawa da ja a can sama. Ƙashin mutum yana gama tara ƙwarinsa ne kafin shekara 30 ko kusa da haka, daga nan sai tsare abin da aka tara. Tsoka da ƙashi adashi ne, a ƙuruciya ake zubi, a tsufa ake kwasa, kuma kai yanzu kana tsakiyar shekarun da zubi ya fi auki. Tsohon da ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciya ba ya sake komawa yadda yake.

Wanda ya makara ma bai rasa duka ba. A 1990 wata likita a birnin Boston na Amurka, Maria Fiatarone, ta wallafa sakamakon gwajin da ta yi da tsofaffi 10 mazauna gidan kula da tsofaffi, masu shekara 86 zuwa 96. Ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a mako har mako 8. A cikin 9 da suka kai ƙarshe, ƙarfin cinya ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, biyu ma suka ajiye sandar dogarawa. In jikin ɗan shekara 90 yana amsawa haka, ka san naka ba ya buƙatar a yi masa dole da ƙwaya.

To, ta yaya jiki ke amsawa? A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kai wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wani asibitin soja a Shikago da ke cike da masu raunin gwiwa da ƙafa. Abin da aka saba a lokacin shi ne a lallaɓa mai rauni da hutu da ɗan motsi marar nauyi, sai sojoji su yi watanni ba su koma daidai ba. DeLorme kuwa shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. Sai ya riƙa nemo wa kowane soja nauyin da zai iya ɗagawa sau 10 ba ƙari, ya yi ta aiki da shi, in ya zama mai sauƙi a ƙara kaɗan. Suka riƙa warkewa da sauri, ya wallafa abin a 1945, a 1948 kuma shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka daidaita tsarin ya zama zagaye 3, kowane zagaye sau 10. Wannan "uku sau goma" da kuke yi a kango, a gadon asibiti aka haife shi, don gyaran wanda ya ji rauni. Ruhinsa kuwa shi ne ƙari kaɗan-kaɗan, kuma nan ne yawancinku kuke saɓa masa.

A makonnin farko za ka ga ƙarfinka yana hawa da sauri alhali damtsen bai canza ba. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon yadda za su tara tsokar ta yi aiki tare. Girman da ido zai gani sai an yi wajen wata biyu. Igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa kuwa sun fi tsoka jinkirin ƙarfafa, domin jinin da ke isa gare su kaɗan ne. Saurayin da ya ji ƙarfi ya zo masa a mako na uku ya ninka nauyi, tsokarsa za ta iya, igiyar kafaɗarsa ba za ta iya ba. Daga nan ake samun mai ƙirji a cike wanda ba ya iya ɗaga hannu ya sa riga sai ya cije leɓe.

Ƙarfen siminti yana ƙara wannan matsala, don ba wanda ya san nauyinsa, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma daga ƙaramin zuwa mai bi masa tazarar tana iya kai kilo 15 ko 20. Maganin ba tsada. 'Yan gwangwan ɗin da suka sayar muku da ƙarafan suna da sikeli. Ku kai kowane ƙarfe a auna, ku rubuta nauyinsa a jikinsa da fenti, ku sa mai walda ya yanko muku ƙananan faifai masu kilo 1 da kilo 2 da za a riƙa ƙarawa. Wanda ba shi da ko wannan, jarka ta ishe shi farawa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, jarka mai lita 25 kuwa nauyi ce da kai ke yanke mata yawanta, ka ƙara lita ɗaya duk ranar da ta yi maka sauƙi. Sannan ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga da sau nawa. Madubi yana yi wa mutum ƙarya gwargwadon hasken wurin da abin da ya ci da rana, abin da ke rubuce kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Ayyukan da jiki ke buƙata ba su da yawa. Ka tsuguna ka miƙe da nauyi. Ka ɗaga abu daga ƙasa. Ka tura, ko daga ƙirji a kwance, ko sama da kai a tsaye, ko ka kifa ciki ka tura ƙasa da hannu. Ka jawo, ko ka rataya a ƙarfe ka ja jikinka sama har haɓa ta haura. Ka ɗauki jarka biyu ka yi tafiya da su, kafaɗa a miƙe. Kwana 2 ko 3 a mako, da kwanan hutu a tsakani, minti 45 zuwa awa ɗaya, bayan ka ɗumama jiki na ɗan lokaci da ɗan gudu da nauyi marar yawa. Ka tsaya a kowane zagaye kana jin saura ɗaya ko biyu a jikinka. Abin da nake yawan gani shi ne ƙirji da damtse Litinin, ƙirji da damtse Talata, har Asabar, sai ka ga saurayi sama a cike ƙasa a tsotse, alhali cinya da ɗuwawu da gadon baya su ne manyan tsokokin jiki, su ke cin sukari mafi yawa, su ne kuma za su ɗaga tsohon nan da na ce maka.

Ɗaga abu daga ƙasa ya kamata ka fi ƙwarewa a kai, domin shi za ka yi ta yi har ƙarshen rayuwa, da buhu da bokiti da jika. Ka matso har ƙarfen ya kusa taɓa ƙwaurinka, ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu. Ka tura ɗuwawu baya, gwiwa ta lanƙwasa, gadon baya ya zauna a miƙe kada ya yi doro. Ka ja numfashi ka cika ciki ka ɗaure shi tamau, sannan ka taka ƙasa da ƙarfi ka miƙe, ƙarfen yana bin jikin ƙafarka bai yi nisa da kai ba. Kada ka fizga, kada ka murɗa ƙugu da nauyi a hannu. Da ka ji baya ya fara lanƙwashewa, zagayen ya ƙare ko da abokai suna ihun saura ɗaya. Turawa daga ƙirji a kan benci kuwa kada ka kuskura ka yi ta da nauyi mai yawa kai kaɗai, don ita ce wadda in hannu ya gaza ƙarfen ke sauka a maƙogwaro. Tsamin jikin da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ba komai ba ne, zai wuce. Zafi mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi da ke fitowa a mara ko matse-matsi in ka yunƙura, wannan na likita ne.

Wani zai ce ai ɗan dakon kasuwar Dawanau ko ta Singa da ke wuni yana sauke buhuna ya fi duk 'yan jim ƙarfi. Gaskiya ne, kuma ina girmama shi. Amma shi ba ya zaɓar nauyin, ba ya zaɓar ranar hutu, ciwo ko ba ciwo sai ya fita, shi ya sa da yawansu baya ke tsayar da su tun da sauran shekarunsu. Kai da kake yi don sha'awa kana da abin da shi ba shi da shi, wato ikon ajiyewa. Abin takaici ne ka yar da wannan iko saboda idon abokai.

Tsoka a wurin hutu take girma, aikin kawai tsokanarta yake. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, ɗan ƙasa da shekara 18 kuwa 8 zuwa 10. Wanda ke kai wa ƙarfe biyu na dare yana kallon waya ya tashi asuba, rabin wahalarsa a banza take tafiya.

Batun abinci kuma an tsorata ku da manyan robobin garin furotin da ake sayarwa da tsada. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar wajen giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Saurayi mai kilo 60 ke nan yana neman kusan giram 100. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Giram 100 na busasshen wake, wanda bai cika gwangwanin madara ba, yana da wajen 24. Gyaɗa wajen 25. Waken suya da ake awara da shi wajen 36. Lita ɗaya ta madarar shanu da ba a tsinka da ruwa ba ta haura 30. Ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, awara ko ƙuli-ƙuli ko soyayyar fara da yamma, fura da kindirmo, ɗan busasshen kifi a miya, ga lissafin ya kusa cika ba ka taɓa roba ba. Ɗanyen ƙwan da kuke fasawa a madara kuwa asara ce: kusan rabin furotin ɗinsa kawai jiki ke amfana da shi, dafaffe kuwa wajen kashi 90 cikin 100, ga kuma haɗarin ciwon ciki. Ka dafa abinka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ba za ka daɗe a wannan harka ba sai wani ya ja ka gefe ya ce akwai allura, akwai ƙwaya, wata biyu kawai jikinka zai buɗe. Ba ƙarya yake ba, zai buɗe. Waɗannan magunguna da likitoci ke kira sitiroyid kwaikwayon sinadarin namiji ne, kuma da jiki ya ga an cika shi daga waje sai ya daina yin nasa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ɗauke, wani ya yi watanni wani ya yi shekaru kafin su dawo. Nono ya fito wa namiji, ƙuraje su cika baya, gashin kai ya zube, jini ya hau, naman zuciya ya yi kauri, ƙwayoyin haɗiya kuma su taɓa hanta. In allura ɗaya ce ke zagaya samari, ga ciwon hanta da ƙanjamau a kan layi. Ka yi tunanin saurayin da ya yi duk wannan don 'yan mata su kalle shi, ya yi aure ya shiga yawon asibitin haihuwa. Maganar da ake yi cewa ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo, likitocin yara ba su samu haka ba in nauyin daidai ne kuma akwai mai kula. Abin da ke rufe wurin tsawon ƙashi da wuri shi ne wannan allura in ɗan shekara 15 ko 16 ya fara ta.

Akwai kuma ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi da "sha ka fashe", waɗanda sau da yawa dekisametason ke cikinsu. Wannan ko tsokar ba ya ginawa, cinye ta yake. Ruwa yake tarawa da kitse a fuska da ciki, ya ɗaga sukarin jini, ya rage ƙwarin ƙashi. Tiramadol kuwa ba ya ƙara ƙarfi ko na kilo ɗaya, jin ciwo yake kashewa, sai ka ci gaba da aiki da gaɓar da ke neman hutu, ga jijjiga da yake jawowa, ga kamu da ke da wuyar saki.

Jikunan da kuke liƙa hotunansu a bango ma ku san farashinsu. Arnold Schwarzenegger da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da sitiroyid a zamanin gasarsa. Ronnie Coleman, wanda ya ci gasar Mr. Olympia sau 8 a jere daga 1998 zuwa 2005, an yi masa tiyata fiye da sau goma a baya da ƙugu, da sanduna ko keken guragu yake tafiya. A gida ma mun gani: a wasannin ƙasashe rainon Ingila na 2014 a Gilasgo, Chika Amalaha, 'yar shekara 16, ta ci wa Najeriya zinare a ajin kilo 53, aka ƙwace bayan an samu haramtattun magunguna a fitsarinta. In kuma fahariyar nauyi ce ke ɗibarka, ka tuna Yakubu Adesokan, wanda a gasar masu buƙata ta musamman ta duniya a Landan a 2012 ya tura kilo 180 daga ƙirji yana ajin masu kilo 48. Duk abin da ka tura a kangonku, akwai wanda bai kai ka jiki ba ya ninka shi, don haka ka bar gasa da na kusa da kai, ka yi da abin da ka rubuta makon jiya.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ɗaga ƙarfe ƙarƙashin kwano da tsakar rana kuwa ganganci ne. Ka yi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa a gefenka. In bayan aiki mai tsanani ka ga tsoka ta kumbura tana ciwo fiye da kima, fitsari ya koma launin baƙin shayi, ka tafi asibiti a ranar, domin tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kuma wahala mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ta fi yi wa mai AS barazana, mai sikila kuwa kada ya fara sai da shawarar likitansa. Ka san rukunin jininka, ka auna hawan jini kafin ka fara, musamman in akwai shi a gidanku. Da azumi ka rage nauyi da yawan zagaye, ka yi dab da shan ruwa ko bayan asham. A wannan wata in ka riƙe abin da kake da shi ka ci riba. Masu cewa in ka daina tsokar za ta koma teɓa, tsoka ba ta zama kitse. Raguwa take, mutum kuma ya ci gaba da cin abincin mai aiki alhali ya zauna.

Ƙanwata, ke ma da ke nake. Tsoron da ake ba ki cewa za ki koma ƙirar maza ba shi da tushe, don sinadarin da ke kumbura tsokar namiji ya ninka naki sau goma ko fiye. Ke ce ma kika fi buƙata, domin ƙashin mace ya fi na namiji sirantaka, kuma yana saurin rasa ƙwari bayan ɗaukewar al'ada. A shekarar 2000 a Sidni, karon farko da aka sa ɗaga nauyi na mata a gasar Olamfik, Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Najeriya azurfa. Mariam Usman kuma tana da tagulla ta gasar Beijin ta 2008, wadda ta zo hannunta bayan shekaru, da aka kama wasu daga cikin waɗanda suka sha gabanta da ƙwaya. Ba sai kin je inda maza suke ba; tsakar gida da jarka biyu da ƙawa ɗaya sun isa. Mai juna biyu ta fara tambaya a wurin awo.

Dattawan da ke cewa makarantar daba ce, akwai inda suka gano. Da ƙirji ya buɗe masu nema za su zo, musamman in zaɓe ya matso: a ba ka riga da 'yan kuɗi ka tsaya a bayan wani, ka ture jama'a, gobe a ce ka riƙe gora. Kano ta san 'yan jagaliya, Gombe ta san kalare, Bauchi ta san sara-suka, kuma ban ji wanda ya tsufa cikin mutunci a wannan sana'a ba. Shi mai ba da rigar 'ya'yansa suna makaranta. Ku tsare kangonku da doka tun kafin a shigo muku: ba ƙwaya, ba makami, ba zagin ƙarami, in an kira salla a ajiye ƙarfe. Wurin da maƙwabta suka san in an yi rasuwa samarinsa ne ke haƙa kabari, in mota ta kafe su ne ke turawa, ba mai unguwar da zai ce a rufe shi.

In ka yi 'yan watanni hannunka ya faɗa, ka koma gida ka duba Baba da Inna. Kada ka kai musu ƙarfe. Ka samo kujera mai ƙwari ka jingina ta da bango, su zauna su miƙe sau 5 zuwa 8, suna dafa gwiwa in da buƙata, su huta su maimaita, kwana 2 ko 3 a mako. In ya yi sauƙi su harɗe hannu a ƙirji, daga baya a koma kujera mai gajarta ko a riƙe 'yar jarka mai lita 2. Baba zai iya cewa shi ba yaro ba ne. Kada ka ja da shi, ka fara da Inna yana kallo. Mai shan maganin hawan jini ko na suga, ko mai yawan jiri, a fara tambayar likitansa, kuma kai ka tsaya a gefe inda hannunka zai kai gare shi in ya yi tangaɗi.